CIWON DAJI NA BIYU: BASHIN DA WASU MAGUNGUNA KAN BARI A JIKI

A farkon shekarun 1950, in likita ya gaya wa iyaye cewa ɗansu yana da sankarar jini, to, abin da ya rage musu shi ne lissafin watanni. Babu asibitin da yake iya warkar da shi, ko a Turai ko a Amurka. A yau kuwa, a ƙasashen da suke da kayan aiki, wajen yara 90 cikin 100 masu irin sankarar jinin da ta fi kama yara suna warkewa, su yi girma, su yi aure, su hayayyafa. Manya ma da yawa suna yin shekara goma, ashirin, har fiye, suna shan magani suna neman abincinsu.

Amma fa wannan tsawon rai da aka samu ya tono wani al'amari da yake ɓoye a dā, lokacin da majinyata ba sa daɗewa har a gan shi. Wasu daga cikin waɗanda suka tsira, bayan shekaru sai wani sabon ciwon daji ya bayyana a jikinsu, kuma a wasu lokuta maganin da ya cece su yana da hannu a ciki. Jin haka kan sa mutum ya ce ashe an gudu daga gara an faɗa gidan zago. To, kada mai karatu ya yi saurin yanke hukunci. Maganar tana da tsawo, kuma wanda ya bi ta har ƙarshe zai ga cewa saninta kariya ce ga majinyaci da danginsa.

BA TSOHON CIWON BA NE YA DAWO

Da farko ya kamata a raba abubuwa uku da jama'a kan haɗa. Akwai ciwon da aka yi wa magani ya lafa, daga baya ya sake tasowa. Akwai ciwon da ya bar inda ya fara ya yaɗu zuwa wani sashe na jiki. Waɗannan biyu duk tsohon ciwon ne. Na uku shi ne wanda muke magana a kansa, watau sabon ciwo fil, mai asalinsa dabam, wanda in an duba ƙwayoyinsa da madubin likita za a ga ba su yi kama da na farko ba. Misali, wanda aka warkar daga sankarar kaluluwa, bayan shekara bakwai sai ya sami sankarar ɓargo, ko kuwa bayan shekara ashirin ya sami ta huhu.

Iri biyu ne suka fi yawa. Na ɗaya shi ne wanda yake tasowa cikin ɓargo, inda jiki yake ƙera jini. Na biyu shi ne ƙari a wata gaɓa, kamar nono, ko huhu, ko mafitsara, ko fata. Na ɓargo kan zo da wuri, yawanci cikin shekara goma na farko, sa'an nan haɗarinsa ya riƙa raguwa. Na gaɓoɓi kuwa jinkiri gare shi, galibi sai an haura shekara goma, haɗarinsa kuma yana bin mutum har tsufa.

ASALIN MAGANIN GUBA CE

Wanda ya san inda waɗannan magunguna suka fito ba zai yi mamaki ba. A watan Yuli na 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, sojojin Jamus suka fara harba wata iskar guba mai ƙona fata a fagen daga na ƙasar Beljiyam. Likitocin da suka binciki gawawwakin waɗanda ta kashe suka tarar ɓargonsu ya ƙafe, fararen ƙwayoyin jininsu sun ƙare. An sake ganin haka a ranar 2 ga Disamba, 1943, sa'ad da jiragen saman Jamus suka yi ruwan bama-bamai a tashar jiragen ruwa ta Bari a Italiya, suka fasa wani jirgin Amurka mai suna John Harvey da yake ɗauke da wannan guba a asirce.

Tun kafin abin da ya faru a Bari, wasu masana biyu a Jami'ar Yale ta Amurka, Louis Goodman da Alfred Gilman, sun yi tunanin cewa abin da yake kashe fararen ƙwayoyin jini na mai lafiya zai iya kashe waɗanda suka haukace suna yaɗuwa a jikin majinyaci. A 1942 aka yi wa wani mai sankarar kaluluwa allurar wani ɗan'uwan wannan guba, ƙarin ya narke, ko da yake ya dawo daga baya. Sirrin yaƙi ya hana a buga labarin sai a 1946. Daga wannan zuriya ce aka sami melfalan, da busulfan, da kulorambusil, da saikulofosfamaid, waɗanda har yau suke cikin ma'ajiyar asibitoci.

Aikinsu ɗaya ne. Cikin kowace ƙwayar halitta ta jiki akwai wasu igiyoyi da suke ɗauke da rubutun gado, wanda shi ne yake gaya wa ƙwayar lokacin rabuwa da lokacin tsayawa. Maganin kan shiga ya ɗaure waɗannan igiyoyi ya lalata su, ƙwayar ta mutu. Da yake ƙwayoyin sankara sun fi saurin rabuwa, su ne suka fi shan wuya. Amma ƙwayoyin ɓargo masu lafiya su ma ba sa hutawa da rabuwa, saboda haka dūkan yana samun su. Yawancinsu kan mutu ko su gyara kansu. Ɗaya tak da ta tsira da tabo a rubutunta ta isa ta zama tushen sabon ciwo bayan shekaru.

YADDA LIKITOCI SUKA FARGA

A 1970 Dokta Robert Kyle na asibitin Mayo a Amurka ya buga labarin mutum huɗu masu mayeloma, watau wata sankarar ɓargo mai cin ƙashi, waɗanda suka daɗe suna shan melfalan, daga baya suka kamu da sankarar jini mai saurin kisa. Mutum huɗu ba su isa hujja ba, amma sun isa a buɗe ido. A 1979 Dokta Daniel Bergsagel da abokan aikinsa a Kanada suka bi masu mayeloma fiye da 300, suka lissafta cewa ga waɗanda suka kai wata 50 a raye, haɗarin kamuwa da sankarar jini ya kai wajen kashi 17 cikin 100.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga wata cuta da ɓargo yake ƙera jini fiye da kima har ya yi kauri. Wata ƙungiyar likitoci ta ƙasashe da dama ta raba majinyata 431 kashi uku. Kashi na farko ɗibar jini kawai ake yi musu lokaci lokaci, na biyu ana ba su wani sinadari mai fitar da haske mai ƙona ƙwayoyi, na uku kuwa suna shan kulorambusil. A 1981 aka bayyana cewa masu shan kulorambusil sun fi waɗanda ake ɗibar jininsu kamuwa da sankarar jini har ninki 13, kuma maganin bai ƙara musu tsawon rai ba. Tun daga nan likitoci suka janye shi daga wannan cuta.

Haka kuma aka yi da cutar Hojkin, wadda ita ma sankarar kaluluwa ce, ta fi kama samari da 'yan mata. A 1964 Dokta Vincent DeVita na Amurka ya fara haɗa magani huɗu lokaci guda, cutar ta ɓace a jikin wajen mutum takwas cikin goma. Babbar nasara ce. Sai dai biyu daga cikin huɗun masu lalata rubutun gado ne, suka bar wasu da rashin haihuwa, wasu da sankarar ɓargo. A 1975 Dokta Gianni Bonadonna na birnin Milan a Italiya ya fito da wani haɗin dabam, wanda aka tabbatar daga baya yana warkarwa kamar na farko ko ma fiye, ɓarnarsa kuma kaɗan ce. Shi ya maye gurbin tsohon.

Wani darasin ya fito daga asibitin yara na St. Jude a birnin Memfis. A 1991 likitocin wurin suka duba yara 734 da aka yi wa maganin sankarar jini. Waɗanda aka ba etofosaid ko ɗan'uwansa kowane mako, ko sau biyu a mako, wajen kashi 12 cikin 100 ne aka lissafta za su sami sabuwar sankara cikin shekara shida. Sauran kuwa ba su kai kashi 2 ba. Ashe ba maganin kaɗai ne abin lura ba, har da tazarar da ake bari tsakanin allura da allura. Da aka gane haka sai aka sake tsarin.

BA DUK LAIFIN MAGANI BA NE

Adalci ya wajaba a nan. Akwai abubuwa da yawa da suke taruwa kafin ciwo na biyu ya fito, magani ɗaya ne kawai daga cikinsu.

Na farko, ita kanta cutar. Ɓargon da ya haifi sankara ɗaya, da ma can yana da rauni. Binciken da aka yi a Siwidin, aka buga a 2011, ya nuna cewa mutanen da suke da alamar farko ta mayeloma a jininsu, waɗanda ba a taɓa ba su magani ba ko sau ɗaya, su ma sun fi sauran jama'a kamuwa da sankarar ɓargo. Wasu sankarorin jinin kuma suna karya garkuwar jiki, wadda ita ce mai gadin da kan kama ƙwayar da ta fanɗare tun tana ƙarama.

Na biyu, shekaru. Yayin da mutum yake tsufa, wasu ƙwayoyin ɓargonsa kan sami tabo da kansu, su zauna shiru ba sa cutar da shi. A 2015 masana a birnin St. Louis na Amurka suka gano cewa a jikin wasu majinyata, ƙwayar da ta zama sankara ta biyu tana nan tun kafin a fara ba su magani. Abin da maganin ya yi shi ne kashe maƙwabtanta masu lafiya, ita kuwa da yake tana da taurin kai ta tsira, ta sami fili. Manomi zai gane wannan da sauƙi, domin ya san irin ƙuduji kan yi shekaru kwance a ƙasa, sai gona ta gaji sa'an nan ya taso ya cinye dawa.

Na uku, gashi da haske, wanda ake haɗawa da magani a wasu cututtuka. A ƙasar Holan an bi mutum 3,905 da aka yi wa maganin Hojkin tsakanin 1965 da 2000. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna 908 daga cikinsu sun sami ciwon daji na biyu, haɗarinsu kuma ya ninka na sauran jama'a fiye da sau huɗu. Da yawa daga ciki, musamman sankarar nono ga matan da aka gasa wa ƙirji suna ƙanana, sun fito ne a wurin da hasken ya taɓa.

Na huɗu kuwa yana hannun majinyaci, watau taba. Wanda ya sha waɗannan magunguna ko aka gasa masa ƙirji, sa'an nan ya ci gaba da zuƙar sigari, ya ninka wa kansa haɗarin sankarar huhu sau da yawa.

SABABBIN MAGUNGUNA DA AWON RIBA DA HASARA

A dā akan ba da magani na wasu watanni a tsaya. Yanzu akwai ƙwayoyin da majinyaci kan sha kullum shekara da shekaru don a danne cutar. Ɗaya daga cikinsu shi ne lenalidomaid, ɗan'uwan talidomaid ɗin nan da aka janye daga kasuwa a 1961 bayan ya sa an haifi dubban jarirai da nakasar hannuwa da ƙafafu, daga baya kuma a 1999 aka gano yana aiki kan mayeloma.

A 2012 aka buga sakamakon gwaje-gwaje uku kan lenalidomaid. A na Amurka, mai majinyata 460, kashi 8 cikin 100 na masu shan sa sun sami ciwon daji na biyu, alhali waɗanda ba sa sha kashi 3 ne. Amma a wannan gwajin dai, masu shan sa sun yi kimanin wata 46 kafin mayelomarsu ta sake motsawa, sauran kuwa wata 27. Da aka haɗa lissafin gwaje-gwaje a 2017, aka tabbatar masu shan sa bayan dashen ɓargo sun fi tsawon rai. An kuma gano cewa haɗarin ya fi tsanani in an haɗa shi da melfalan na sha, don haka likitoci suka rage yin wannan haɗin.

Wannan shi ne zuciyar maganar. Mayelomar da mutum yake ɗauke da ita yau ta fi kusa da kashe shi nesa ba kusa ba, bisa ga ciwon da wataƙila ya zo, wataƙila kada ya zo, bayan shekara bakwai. Mai ƙin magani don tsoron na biyu ya miƙa kansa ne ga na farko. Ko sabuwar dabarar nan ta ɗebo fararen ƙwayoyin jinin majinyaci a sake musu tsari a mayar masa, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta umarta a watan Janairu na 2024 a rubuta gargaɗin ciwo na biyu a jikin takardarta, amma ba ta hana amfani da ita ba, domin amfaninta ya rinjaya.

INDA ABIN YA SHAFE MU

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan tarihi. A shekarun 1960, Farfesa Victor Anomah Ngu, ɗan ƙasar Kamaru da yake aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Badun, yana cikin waɗanda suka nuna cewa magani kaɗai yana iya warkar da sankarar nan mai kumbura muƙamuƙin yara, wadda Dokta Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Su biyun suna cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a Amurka a 1972. A Badun ɗin ne kuma aka kafa rajistar masu ciwon daji tun 1960. A 2003 aka fara wani shiri a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife na ba masu wata sankarar jini mai tafiyar hawainiya maganin imatinib kyauta, majinyata suka riƙa zuwa daga kowane lungu na ƙasa. Shi imatinib ba ya lalata rubutun gado irin na tsofaffin magunguna, kuma ya sa da yawa suna rayuwa shekaru masu yawa. Ke nan mu ma muna tara waɗanda suka tsira, kuma suna bukatar a riƙa duba su.

Akwai abu uku da suka keɓanta da halin da muke ciki. Na ɗaya, a garuruwanmu kusan kowane magani ana iya samun sa a kemis ba tare da takardar likita ba. Majinyaci kan ji daɗin melfalan ko kulorambusil, kuɗin mota zuwa asibitin koyarwa ya yi masa yawa, sai ya ɗauki tsohon kwali ya riƙa saye yana sha. Wannan ganganci ne babba, domin haɗarin waɗannan magunguna yana ƙaruwa ne da yawan abin da ya taru a jiki da tsawon lokacin sha. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sa su cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna iya haddasa ciwon daji. Wuƙa ce mai kaifi, sai a hannun wanda ya san riƙonta.

Na biyu, saikulofosfamaid yana fita ta fitsari, gurɓinsa kuma yana cin bangon mafitsara, har ya iya jawo sankara a wurin bayan shekaru. Shi ya sa ake cewa mai karɓar sa ya sha ruwa da yawa, kada ya riƙe fitsari. A ƙauyukanmu na bakin rafi da madatsun ruwa an saba da ganin jini a fitsari, a ce ai tsargiya ce. Wanda ya taɓa karɓar wannan magani kada ya yarda da wannan zato sai likita ya duba. Ita kanta tsargiyar in ta daɗe tana jawo sankarar mafitsara.

Na uku, haidiroksiyuriya. Asalinsa maganin sankarar jini ne, amma yanzu ana ba masu amosanin jini, an kuma yi gwaje-gwajensa kan yara a Kano don kare su daga shanyewar ɓarin jiki. Iyaye kada su firgita da wannan rubutu su hana ɗansu. An bi masu amosanin jini da suka sha shi a Amurka fiye da shekara 15, ba a ga ya ƙara musu sankarar jini ba, an ma ga ya ƙara musu tsawon rai. Abin lura ga dattawan da suka daɗe suna shan sa don cutar ɓargo shi ne gyambon idon sawu da canjin fata.

ABIN DA MAJINYACI ZAI RIƘE

Duk wanda ya gama magani ya roƙi likitansa ya rubuta masa sunan cutar, da sunayen magungunan, da yawansu, da shekarar da aka ba shi, da wurin da aka gasa in an yi gashi. Ya adana wannan takarda kamar takardar gida. Fayil kan ɓace, likita kan tashi, amma likitan da zai gan shi bayan shekara goma sha biyar a wani gari ba shi da abin dogaro sai ita.

Kada ya daina zuwa asibiti don ya ji sauƙi. Awon jini ba shi da tsada in an gwada da abin da yake iya tonowa. In ya ga gajiya marar dalili, ko ɗashewar ido da tafin hannu, ko jini daga dasashi, ko yawan haɓo, ko zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, ko rama, ko gumin dare, ko kullutu, ko tarin da ya wuce mako uku, ko gyambon da ya ƙi warkewa, to, ya koma ga likitan jini, ya kuma faɗi tarihinsa tun daga bakin ƙofa. Macen da aka gasa wa ƙirji kafin ta kai shekara 30 ta fara awon nono bayan shekara takwas da gashin, ko in ta cika shekara 25, duk wanda ya zo daga baya. Masu farar fata da zabiya su kiyayi zafin rana. Taba kuwa a yi sallama da ita.

Sankarar ɓargo ta biyu tana da wuyar magani, ba za mu ɓoye wannan ba, kuma dashen ɓargo da yake iya warkar da ita bai wadata a ƙasar nan ba tukuna, ko da yake an yi na farko a Binin tun 2011 ga wani mai amosanin jini. Amma sankarar nono, da ta fata, da ta mafitsara, in an kama su da wuri suna warkuwa. Hukumomin lafiya su ma da nasu aikin, watau ƙarfafa rajistar masu ciwon daji, da hana sayar da waɗannan magunguna barkatai, da buɗe ranar duba waɗanda suka warke a kowane asibitin koyarwa. Mafi yawan waɗanda suka sha maganin sankarar jini ba za su taɓa ganin ciwo na biyu ba. 'Yan kaɗan ɗin da zai samu kuwa, hakkinsu ne a gano shi tun yana ƙarami.